Ranar da na manta yadda ake saukowa daga kan kwano

Assalamu alaikum. Wata uku ke nan ban ce uffan ba a shafin nan. Masu kira suna jin waya a kashe, ku yi haƙuri. Kwanciya na yi.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Sule, ina zaune a Unguwar Sanusi. Kafinta ne ni, aikina bugun kwanon rufi, na fi shekara ashirin ina hawa saman gidajen mutane.

Da ciwon kai abin ya fara, a tsakiyar bazarar bana. Sai ƙafafuna suka riƙa ɗaurewa, ga tashin zuciya. Matata, Maman Ummi, ta ce, "Zafi ne, ka yawaita shan ruwa." Na yawaita. Fiya wata nake ta ɗurawa wuni guda, abinci kuwa ba ya shiga. Maganin hawan jinina ban taɓa fashinsa ba.

Ran da ciwon ya kayar da ni, muna rufin wani gida a Narayi, ni da abokin aikina Danladi. Kwano ya yi zafin da sai da tsumma ake taɓa shi. Bayan azahar na duba hannuna, na ga guduma. Wallahi ban san me ake yi da ita ba. Na ga tsani, na gane shi, amma na kasa tuna yadda ake sauka.

Mai gidan, Madam Ngozi, tana ƙasa tana cewa, "Oga Sule, sauko mana!" Ni kuma wai ina ta tambayar Danladi ko an tashi daga makaranta. Shi ya ɗaura mini igiya a ƙugu, maƙwabta suka taru aka sauko da ni. Wannan duk labari aka ba ni.

Yayana, Alhaji Bala, da aka kira shi a waya, ya ce aljanu ne, a kai ni wurin malami. Madam Ngozi ba ta saurare shi ba, ta sa ni a motarta sai asibiti.

A can jikina ya kama jijjiga. Aka ɗebi jini, aka sa mini robar fitsari, aka ɗauki hoton kai don ana tsoron shanyewar ɓarin jiki. Hoto ya fito ba komai. Kwana biyu ban gane matata ba. Ta ce ina gaishe ta kamar baƙuwa, tana fita waje ta yi kuka ta dawo.

Da hankalina ya dawo, likita ya ce, "Gishirin jininka ne ya yi ƙasa sosai. Gumi ya fitar da shi, maganin da kake sha ya ƙara fitar da shi ta fitsari, kai kuma kana shan ruwa zalla ba abinci."

Na ce, "Likita, ban gane ba. An hana ni gishiri, an ce in sha ruwa. Yanzu ruwa ne ya kayar da ni, gishiri kuma ake sa mini?"

Ya ce, "Duka gaskiya ne. Ka daɗe kana shan maganin nan kana wannan aiki?"

Na ce na daɗe.

Ya ce, "To ba kai ka canza ba, Malam Sule. Zafin ne ba irin na da ba."

Ƙarin ruwa mai gishiri aka yi mini, ɗigo-ɗigo, bayan 'yan awanni a sake ɗibar jini. Wai in aka yi gaggawa ƙwaƙwalwa na iya taɓuwa. Gwaje-gwajen nan akwai tsada, 'yan'uwa ne suka rufa mini asiri. Kwana tara na yi, aka canza mini magani aka sallame ni.

Har yau akwai abin da ya ɗaure mini kai. Duk wanda ya zo dubiya na faɗa masa maganar likita, sai ya ce, "Ai bazara ce, kowace shekara haka take." Yayana ya ce, "Zafi na Allah ne, kai dai girma ya zo." Wata nas ta ce mini ɗumamar yanayi ne. Na sha jin kalmar a rediyo, na ɗauka zancen ƙasashen masu ƙanƙara ne.

Amma ni na sani, da can in na hau rufi ina hango bishiyoyi har bakin kogi. Yanzu kwano nake gani yana ƙyalli. Kuma ni na buga da yawa daga ciki. Har mangwaron gidan Madam Ngozi, ni na ce a sare don rufi ya samu wuri.

To laifin wa ne? Ban sani ba. Wa zan kai wa kuka? Shi ma ban sani ba.

Washegarin ranar da aka sauko da ni Danladi ya koma kan rufin nan da rana tsaka. Da na ji labari daga baya na yi masa faɗa, ya ce, "In ban hau ba, wa zai ciyar da yarana?"

Alhamdu lillahi na warke, na koma aiki. Ina hawa da sassafe, in sauko kafin azahar. Wani mai gida ya ce na zama malalaci, ya ba wani aikin.

Na gode wa Allah. Na gode wa Maman Ummi, da Danladi, da Madam Ngozi, da ma'aikatan asibitin nan. Allah Ya saka da alheri.

Mai shan maganin hawan jini kuma yana aiki a rana, ya je ya tambayi likita, kada ya daina da kansa. In gumi ya yi yawa a ci abinci, kada a tsaya ga ruwa kaɗai. Wanda ya fara sambatu cikin zafi, a kai shi asibiti tukuna.

Kuma in kun ga ma'aikaci ya sauko ya zauna a inuwa da rana tsaka, don Allah ku bar shi ya huta.