Shekarar da Muka Shuka Ƙuduji

Ni dai tunda nake ban taɓa jin inda aka shuka ƙuduji da gangan ba sai a gidanmu. Ƙuduji fa, mugun hakin nan mai jan fure da ke kama saiwar dawa ya tsotse ta, ya bar kara tsaye ba zangarniya. Mutane suna roƙon Allah Ya raba su da shi, mu kuwa a kwalba aka kawo mana irinsa daga jami'a, an cuɗa da yashi, an toshe baki kamar turare.

Autanmu ne ya kawo shi. Lokacin yana neman digirin dakta a kan tsirrai, ni kuma yayarsa ina koyarwa a wata firamare a Faskari. Ya ce yana gwada wani sabon irin dawa da ƙuduji ba ya iya kamawa, kuma malaminsa ya ce sai an gwada a gonar manomi. Malamin dai bai taɓa taka ƙasarmu ba, wai hanya ba kyau. Ta waya yake noma.

Gona ɗaya ta rage wa Baba tun da fitinar daji ta hana zuwa na nesa, ita ce ta bakin hanyar Daudawa. Wannan gona kuwa ita ce mutuncinsa. Tun kafin a haife mu yake bin ta kunya-kunya, yana tuge ƙuduji kafin ya yi fure, ya tara ya ƙone. Masu babura in za su kasuwa har rage gudu suke su kalla. In uba zai yi wa ɗansa gorin lalaci, gonar Baba yake nuna masa.

Auta ya durƙusa ya yi bayani. Za a raba gonar biyu, a barbaɗa ƙuduji ko'ina. Gabas a shuka sabon iri a zuba taki. Yamma, wato ɓangaren hanya, a shuka dawarmu ta gado, ba taki, kuma kada a tuge ko ƙwaya ɗaya, don a ga bambanci.

Na ce, "Kai Auta, ka ji tsoron Allah! Wato sai gonar ubanka ta lalace sannan karatunka zai yi kyau?"

"Yaya, ba za ki gane ba. Haka ake bincike."

"Na gane mana. Ka cinna wa rabin ɗaki wuta don ka nuna bokitinka na kashe gobara."

Baba ya dubi Auta ya tambaya, "In ba a yi hakan ba, ba su ba ka takardar?" Auta ya ce ba za su ba shi ba. Baba ya ce, "To a yi."

Wallahi daminar nan na ga abin da ya fi ƙarfin idona. Auta ya kakkafa turaku, ya ɗaure igiyoyi, ya kafa allo da Turanci. Da ƙuduji ya ɓullo ya ɗauki hoto ya koma makaranta, sai ya bugo waya yana tambaya, "Ya yi yawa kuwa?" In aka ce ya yi, ka ji shi yana hamdala. Baba kuwa kullum da safe sai ya je ya tsaya a bakin igiya, ya harɗe hannuwansa a baya kamar mai tsoron kada su kufce masa. Na taɓa ganin ya sunkuya har ya kama tushe ɗaya, sannan ya saki ya miƙe. Ranar na koma gida na yi kuka, na kuma zagi boko iya zagina, ni da nake cin abinci da shi.

Gona ta yi jajir da fure, gwanin kyau ga wanda bai san noma ba. Masu babura suka ci gaba da rage gudu, amma yanzu dariya suke. A majalisa aka ce tsufa ya kama Baba, wasu suka ce asiri aka yi masa. Wani abokin wasansa har ya aiko masa da fartanya, wai ko tasa ta ɓace. Baba ya daina zaman majalisa bayan la'asar. Abin da aka girbe a yamma bai cika buhu ba. Sabon irin gabas ya yi, ba zan yi ƙarya ba, sai dai Auta ya kwashe shi kaf ya tafi da shi makaranta awo.

Bayan an ba shi digiri ya zo gida da babbar riga, kowa na Dakta, Dakta. Ya buɗe waya yana nuna wa Baba mujallar Turawa da ta buga aikinsa, wai masana na duniya duk suna karantawa. Ga hotuna biyu gefe da gefe: ɗaya dawa kore shar, ɗaya kuma yammacin gonarmu, har da Baba tsaye daga nesa, hannu a baya.

Baba ya sa yatsa a ƙarƙashin hoton ya ce, "Nan mi aka rubuta?"

Dakta ya fara kame-kame. Na fizge wayar na karanta, na fassara masa ba ragi ba ƙari: an rubuta cewa wannan ita ce gonar manomi, yadda ya saba nomansa.

Na miƙa wa Baba wayar. Baba ya daɗe yana kallon kansa a hoton.

"Sun dai ba ka takardar ko?"

"Sun ba ni, Baba."

"Madalla. In akwai sauran wuri a ƙasa, ka ce su ƙara layi ɗaya. Su ce mai gonar bai taɓa barin ƙuduji ya yi fure ba sai da ya haifi dakta."

Ya miƙa masa wayarsa, ya ɗauki fartanya ya fita, don irin da aka barbaɗa yana nan a ƙasa, kuma har bana yana fitowa.