Bargon Yaya a Hannun Tsaf-tsaf

Abu ɗaya Yaya ta taɓa roƙon ƙanenta a duniya, ya ƙarasa mata bargon da hannunta ya kasa ƙarasawa. Da ma maƙwabciya ta roƙa, ko wani baƙo mai wucewa a titi, da ya fi mata. Amma kafin a zo nan, sai an san wane ne ƙanen.

Duk layin teloli Tsaf-tsaf ake kiransa, don kalmar ba ta barin bakinsa. In ya miƙa maka riga, tsaf-tsaf. In ya goge teburin yanka, tsaf-tsaf. Ko shayi aka kawo masa, sai ya juya kofin hannunsa ya kalli dama kafin ya kurɓa. Tsokana ce abokan sana'a suka laƙaba masa, shi kuwa gogan naka ya ɗauka yabo ne, har ya sa aka rubuta masa a allon ƙofar shago da jan fenti.

A ba shi haƙƙinsa, ya iya yanka. Kwat yake ɗinkawa da wandunan ma'aikata, shekara talatin da 'yan kai, kuma ba a taɓa dawo masa da kafaɗa a karkace ba. Sai dai iyawar ta hau masa kai ta yi zaune. Dokarsa ɗaya ce, ba ya taɓa tsohon kaya. Kawo masa wandon da zif ɗinsa ya mutu, sai ya ɗaga shi da yatsu biyu kamar wanda ya tsinci mataccen ɓera, ya nuna maka masu ɗinkin gyara can ƙarshen layi. Shi sabon yadi ya sani, mai tauri, mai ƙamshin kanti, wanda almakashi ke ratsawa yana ƙara. Bai san halin yadin da ya sha wanki ɗari ba, kuma har alfahari yake da rashin sanin.

Yaya ce ta raine shi bayan rasuwar Inna. Ita ta kai shi koyon ɗinki tana riƙe da hannunsa, kuma keken da ya fara buɗe shago da shi nata ne. Wannan zancen ba ya son a tayar. Abin da yake so a sani shi ne yana taimaka mata, wato yana barinta ta kwashi ƙyallayen da suka zuba ƙarƙashin teburinsa. Ka ji taimako! Abin da bola zai nufa da ba ta zo ba. Ko shi ma da sharaɗi: ta zo bayan an tashi, ta ƙofar baya, kada wani mai kwat ya ga tsohuwa durƙushe tana tsince-tsince ya tambayi wace ce.

Da waɗannan ƙyallaye Yaya take yin bargo, kuma da shi ta ci, ta sha, ta raini 'yarta bayan mijinta ya rasu. Aikin nata ba ɓoyayye ba ne. Takan yanka ƙyalle murabba'i, faɗin tafin hannu, ta haɗa uku-uku, ta sa mai laushi a tsakiya. Sai ta jera su ta ɗinke, amma ba yadda tela ke yi ba. Tela ɓoye bakin ɗinki yake a ciki, ita kuwa a waje take barinsa tsaye, faɗin yatsa biyu. In ta gama haɗawa sai ta bi bakunan nan da ƙaramin almakashi tana tsattsagawa, tana tsayawa kafin ta kai zare. Daga nan sai wanki. Ruwa na taɓa shi bakunan su tsefe, su nannaɗe, su zama geza mai laushi, kowane wanki kuma ƙara masa kyau yake. Rabin yaran unguwarsu a kan irinsa suka koyi zama. Tsaf-tsaf bai taɓa tsayawa ya duba ko ɗaya da kyau ba. In zancen ya taso sai ya taɓe baki ya ce shara ce aka ɗinke, kuma wanda bai iya ɓoye ɗinkinsa ba bai kamata ya riƙe allura ba.

To, 'yar Yaya ta samu ciki bayan shekara takwas ana jira. Yaya ta buɗe akwatin da ba ta buɗewa. A ciki akwai koren zanen Inna, da rigunan aikin mijinta guda biyu, da rigar makarantar ɗanta da ya rasu yana shekara tara. Ta ce jikan nan ba zai ga ko ɗaya daga cikinsu ba, to aƙalla ya kwanta a kan tufafinsu. Ta sa almakashi ta yanka su, ba ta rage ko ƙyalle ba. Wata huɗu tana haɗawa. Ranar da ta ɗinke layin ƙarshe, saura tsattsagawa kawai, da la'asar ɓarin jikinta na dama ya shanye.

'Yar ta ce za ta tsattsaga da kanta, Yaya ta ƙi. Tsaga ɗaruruwa ce, hannu na zamewa sau ɗaya an yanke zare. Ta ce a kira mata Auta, wa ya kai shi riƙon almakashi a garin nan? Haka take kiransa, kuma duk wulaƙancin ƙofar baya bai hana ta taƙama da shi ba. Wannan shi ne abin da ya fi ciwo a labarin.

Ya zo, ya kaɗe kujera da hankici kafin ya zauna, ya zauna a bakin kujerar kawai. Yaya ta fara yi masa bayani da bakinta da ya karkace, kalma na fita da ƙyar. Ta ce tsagawa kawai zai yi, kada ya rage komai, domin tsohon yadi...

"Haba Yaya," ya katse ta, "ni za ki koya wa almakashi?"

Ya naɗe bargon cikin jarida don kada a gan shi da shi a hanya.

Kwana uku bargon na ƙarƙashin tebur. Ran na huɗu da tsakar rana, lokacin da layin ya yi tsit kowa ya tafi cin abinci, ya shimfiɗa shi. Bakunan nan tsaye cirko-cirko, wani kore, wani toka-toka, zare na leƙowa ta ko'ina. Ransa ya ɓaci. Duk da haka ya gwada yadda aka ce masa, ya tsaga ɗaya, ya tsaga biyu, ya tsaga biyar. Ana cikin haka telan shagon kusa ya leƙo neman alli, ya ga abin da ke kan tebur, ya bushe da dariya. Ya tambaya ko yau Tsaf-tsaf ya koma ƙarshen layi ne ba a sanar da su ba.

Shi ke nan. Girman kai rawanin tsiya, in ji masu magana, kuma ranar nan gogan ya naɗa shi har kunne. Ya ce a ransa tunda abin ya shigo shagonsa, ba zai fita a matsayin shara ba. Zai nuna wa Yaya, a ƙarshen rayuwarta, yadda ake ɗinki. Ya ajiye ƙaramin almakashi ya ɗauko babban. Ya bi bakunan nan layi-layi yana datsewa, yana barin faɗin tsinken ashana bayan zare, kamar yadda yake yi a cikin kwat. A sabon yadi wannan ya isa, zai riƙe shekara goma ko gezau. Bai taɓa tambayar kansa me ya sa mace mai ƙarancin ƙyalle take ɓarnar yatsa biyu a kowane baki ba. Wauta ya ɗauka, don shi duk abin da bai gane ba wauta ne. Kwana biyu ya yi a kai, ya bi da dutsen guga ya kwantar da komai. Abin da ya datse ya cika kwandon shara, mai shara ya kwashe da safe.

Kuma gaskiya bargon ya yi kyau a ido, sumul, kowane murabba'i a mazauninsa. Ya ninke shi ya sa a ledar shagonsa mai ɗauke da sunansa, wannan karon bai ɓoye ba.

Ya tarar da 'yar a tsakar gida, cikinta ya yi nauyi, Yaya na kwance a ɗaki. Ta buɗe ledar, ta juya bargon gaba da baya, fuskarta ta canza. Ta ce, "Kawu, ina bakunan?" Ya ce ya gyara su, abin da ya kamata a yi tun shekara talatin. Ta ce bari ta nuna wa mahaifiyarta tukuna. Ya hana. Ba Yaya kan ce sai an wanke yake kammala ba? To a wanke yanzu, a shanya, a kai mata shi gamamme. Ya jawo kujera ya harɗe ƙafa, yana jiran a yaba masa.

Ta tsoma shi a baho, ta bari ya jiƙa, ta ɗan cuɗa. Da ta kama gefe biyu ta ɗago, nauyin ruwa ya ja shi ƙasa. Ba wata ƙara da aka ji. Tsohon yadin nan da ya riga ya saki, ɗan bakin da aka bar masa ya tsefe ya zame daga ƙarƙashin zaren, layi na bin layi. Rabi ya rage a hannunta, rabi ya koma cikin ruwa. Ta sake ɗagowa a hankali, ya ƙara rabewa. Zaren Yaya duk yana nan, ko ɗaya bai tsinke ba, yana reto ba abin da yake riƙe da shi.

Tsaf-tsaf ya miƙe. Abin da ya fara fitowa daga bakinsa shi ne yadin ruɓaɓɓe ne. Ya naɗe hannun riga, ya tsamo ƙyalle biyu, ya zaro allurar da ke maƙale a ƙirjinsa ya gwada haɗawa. Yana jan zare bakin ya bi shi. Ya matsa ciki ya sake, ya sake bin sa. Mutumin da ya yi shekara talatin yana koya wa mutane kafaɗar kwat, ga shi tsugune gaban baho, gwiwar wandonsa a jiƙe, ƙyalle na ƙanƙancewa a hannunsa.

Shirun ne ya yi yawa har Yaya ta kira. Ta ce a kawo mata ta gani. 'Yar ta kasa ɗaukar bahon don kuka, sai shi ya ɗauka da kansa ya ajiye a gefen gado. Yaya ta sa hannun hagu cikin ruwan, ta daɗe tana lalube. Ta ɗago koren ƙyalle ɗaya, ta shafa bakinsa da babban yatsa, ta gane duk abin da ya faru ba tare da an gaya mata ba. Ba ta yi kuka ba, ba ta zage shi ba, kuma da ta zage shi da ya samu abin kamawa.

Ya gyara murya. Ya ce kada ta damu, abin bai kai haka ba. Gobe-goben nan zai shiga kasuwa ya zaɓo yadi mai kyau, sabo fil, ya ɗinka wa jaririn bargon da ba a taɓa gani ba a unguwar nan.

Yaya ta dube shi. Da ƙyar kalmomin suka fito, amma sun fito duka.

"Auta, a wane kanti ake sayar da zanen Inna?"

Ta juya fuskarta ga bango, ƙyallen na dunƙule a hannunta, ruwa na ɗiga a kan katifa.