Tafiyar Ɗan Baba Zuwa Illela

Muna idar da sallar asuba ranar Lahadi muka bar Sakkwato, mu huɗu a cikin bas ɗin makaranta: ni, da direba, da wata matashiyar malama, sai na huɗunmu da ke kwance a kujerar baya, wanda bai ce uffan ba har muka isa.

Bari in gabatar da shi. Ni ne mai kula da sito a wata makarantar koyon aikin lafiya. Karatuna bai yi nisa ba, amma riƙon makulli kam na iya shi. Shekarun baya aka kawo mana kyautar wani mutum-mutumi na roba, tsawonsa kamar na saurayi, wanda ake koya wa ɗalibai yadda ake danna ƙirjin wanda zuciyarsa ta tsaya, a hura masa numfashi. Ranar da aka miƙa mini shi, shugabanmu na lokacin ya ce, "In ya lalace, kai za a kama." Wannan magana ta shige ni. Na kulle shi a sito. In manyan baƙi suka zo in fito da shi, in goge shi, a yaba, in mayar. Ɗalibi kuwa ko yatsa ya miƙo sai na daka masa tsawa. Ta taga suke leƙensa, har suka raɗa masa suna Ɗan Baba.

Ita malamar nan, ita aka ba aikin gyara wani sashe na manhajar karatu. Ta ce ceton rai ba a allo ake koyonsa ba, dole kowane ɗalibi ya durƙusa ya danna da hannunsa kafin a ba shi shaida. Kwamitin manhaja ya ce ta gwada a gani, a kan ɗalibanmu da ke koyon aiki a wani ƙaramin asibiti a Illela, can bakin iyakar Nijar. Wani babban Dakta zai zo ranar Litinin ya kalla. In abin ya yi, a saka shi a manhaja. In bai yi ba, a ci gaba da zana ƙirji da alli kamar yadda aka saba. Da ta zo neman Ɗan Baba na ce ban hana ba, amma ƙafarsa ƙafata.

Akwatinsa ya ƙi shiga mota, don haka na naɗe shi da farin zanen gado saboda rana, na kwantar da shi a baya, ƙafafunsa biyu suka leƙo. Wallahi ban kawo komai a raina ba.

Bayan mun wuce Kware gari ya waye sarai. Bazara ce, tun da hantsi iska ta fara ɗumi. Hagu da dama rumbunan albasa ne na kara, jere kamar ƙauyen da ba mutane, ga jakuna da a-kori-kura suna ta jigilar buhuna. Direba ya tambayi wani tulin albasa a bakin hanya, aka faɗa masa kuɗi, ya ce ashe albasa ta fara sa hawaye tun kafin a yanka ta. Hanyar wani wuri sumul, wani wuri rami na bin rami. Duk ramin da muka faɗa sai in waiwaya in ce, "A hankali, direba, akwai mutum a baya."

A wani shingen bincike wani mai kaki ya leƙo, ya ga farin zane da ƙafafu biyu. Nan take ya cire hularsa ya yi salati. Na buɗe baki zan yi bayani, direba ya riga ni da doguwar ajiyar zuciya, ya ce, "Sai haƙuri, ranka ya daɗe." Malama ta cusa fuska a hijabi, kafaɗunta na rawa don dariya. Bawan Allah ya dube ta cike da tausayi ya ce, "Hajiya, ki daure, addu'a yake buƙata." Ya ɗaga mana ƙarfen shingen da hannunsa.

Abin ya dame ni. Na ce wa direba da furfurata ba za a karɓi ta'aziyyar roba da ni ba. A Gwadabawa da muka tsaya karyawa da ƙosai da kunu, na warware Ɗan Baba na zaunar da shi, na ɗaure shi da bel. Gaskiya tana da tsada. Daga nan har Illela, kowane shinge sai an tsayar da mu. A na ƙarshe sai da aka sauko da shi, wani ya ƙwanƙwasa cikinsa ya kara kunne, ko an cusa wani abu. Wani kuma ya tambaye ni, yana danne dariya, ko ɗan Najeriya ne ko ɗan Nijar, don bai ga takardarsa ba.

Illela ranar kasuwa sai wanda ya gani. Shanu, raƙuma, tumaki masu dogayen ƙafafu, manyan motoci ana loda musu dabbobi, babura na ratsa tsakani kamar ƙudaje. Masu canji na zaune da naira a hannun dama, sefa a hagu. Ga dogon burodin nan na Ƙonni ta Nijar a tsaye cikin kwanduna kamar sanduna.

A asibitin, mai kula da wurin ya tarbe mu. Kowa Likita yake ce masa, ashe tsohon ɗalibinmu ne. Yana ganin abin da na rungumo ya tafa hannu.

"Baba! Ɗan Baba na wanga? Ashe yana da ƙafafu! Mu iyakar kansa munka sani, ta taga."

Aka shimfiɗa tabarma. Malama ta ce bari ta gwada shi kafin gobe. Ta durƙusa, ta ɗora tafin hannu a tsakiyar ƙirjinsa, ta danna. Sai muka ji ƙaras! Fatar ƙirjin ta tsage tun daga wuya har cibiya, kamar busasshen kilishi. Ta hura masa iska a baki, ƙirjin ko motsi, iskar ta fice ta wani wuri tana shiii. Zafin sito ya gama cinye robar tuntuni, ni kuwa ina ta goge ta ta waje.

Malama ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta zauna a kan dugaduganta tana kallon tsagar. Na san watannin da ta ɗauka tana fama da kwamitin nan. Can ta ce, "Baba, gobe da safe Dakta zai iso."

Likita ne ya ce akwai wani mai facin taya a bakin kasuwa, a gwada, ba a san inda rana za ta faɗi ba. Muka ɗora Ɗan Baba a baro, ni da shi muka tura. A hanya ya daina raha. Ya ce farkon zuwansa garin aka kawo masa wani masunci da aka tsamo daga tafkin Kalmalo. Shi Likita ya san karatun ceton tsaf, ya ci shi a jarrabawa, amma hannunsa bai taɓa danna ƙirji ba, bai san ƙarfin da ake sawa ba. Ya yi ta lallaɓawa kamar mai shafa mai, har mutumin ya cika.

"Kwana ya ƙare, Baba, na sani," in ji shi. "Amma har yau nakan ce da ma ba a kansa na fara ba."

Bai ce laifina ne ba. Baron ne dai na ji ya ƙara nauyi.

Mai facin wani dattijo ne mai faɗin kafaɗa. Ya dubi baro, ya dube mu.

"Subhanallahi. Wanga mi yas same shi? Mota ta take shi?"

Na ce, "Ajiya ta kashe shi."

"To, Alhaji, ni taya ni ka yi. Amma duk abin da ka riƙe iska, ɗan gidanmu na."

Ya buɗe ƙirjin, ya sami jakar iskar da ke ciki, ya shafe ta da ruwan sabulu, ya ce wani ya hura. Kowa ya dube ni. Haka na durƙusa a tsakiyar kasuwar Illela, na kafa bakina a bakin Ɗan Baba, karo na farko tun da aka ba ni shi. Kumfa ta tashi wuri uku. Kafin in ɗago, jama'a sun kewaye mu. Wani mai yadi ya taya shi da sefa, wai zai tsayar da shi a ƙofar shago ya sa masa shadda. Wani manomi daga Tozai ya ce in an gama a ba shi aro ya kori tsuntsaye. Wata Bafulatana mai tallar nono ta tsaya daga nesa tana tambaya ko yana cin abinci. Mai faci bai kula su ba. Ya yanko robar tsohuwar tayar babur, ya kankare, ya shafa sholisho, ya liƙe huhun, sannan ya bi tsagar ƙirjin da baƙin faci har ƙasa. Da ya gama na sake hurawa, ƙirjin ya taso. Kasuwa ta ɗauki sowa kamar an yi haihuwa.

Ranar muka ci tuwon gero da miyar kifin Kalmalo a gidan Likita. An ce da daɗi. Ni dai warin sholisho kawai nake ji a leɓena.

Litinin da hantsi Dakta ya iso cikin babbar riga. Ya dubi baƙin facin nan, ya ɗaga gira, ya zauna. Ɗalibai suka yi layi a ƙarƙashin dalbejiya. Malama ta yi bayani: tsakiyar ƙirji, hannu a miƙe, da ƙarfi, da sauri. Ta ce in an danna yadda ya kamata, akwai wani abu a ciki da zai yi ƙara.

Ɗalibar farko ta durƙusa. Tana ɗora hannu, bakina ya suɓuce: "Ke, a hankali!" Wallahi ban san na faɗa ba. Yarinya ta janye hannu kamar ta taɓa wuta. Da ta koma sai ta riƙa taɓa shi sama-sama, ido ɗaya a kaina. Na biyu ma haka, na uku ma haka. Malama na cewa "Da ƙarfi!", su kuwa ni suke kallo. Duk sun san ni, sun san tsawata. Ba ƙara, ba alamarta. Na ga Dakta ya duba agogo. Na ga fuskar Malama. Na kuma ga Likita tsaye a gefe, yana kallon hannuwan yaran nan suna lallaɓawa kamar masu shafa mai.

Na cire hulata na ajiye, na durƙusa, gwiwoyina suna ƙara tun kafin ta Ɗan Baba. Na ce, "Malama, nuna mini wurin." Ta ɗora hannuna. Na tattara nauyina duka na danna. Ƙas! Na sake. Ƙas! Ƙas! Shekara da shekaru muna ɗaki ɗaya da shi, ban taɓa sanin yana da murya ba.

Na ɗago ina haki na ce wa yarinyar farko, "Zo nan, ɗiyata. Danna shi kamar ya ci bashinki. In ya fashe, mun san gidan mai faci."

Dariya ta ɓarke, tsoro ya tafi. Ta danna, ya amsa. Daga nan sai ƙas-ƙas-ƙas har azahar, wasu na komawa layi sau biyu. Faci ɗaya ya ɗago, Likita ya danne shi da filasta aka ci gaba. Can sai ga Dakta ya tuɓe babbar riga ya rataye a reshe, ya ce shi ma rabonsa da wannan tun yana ɗalibi. Da zai tafi ya ce wa Malama zai gaya wa kwamiti abin da ya gani, kuma shi dai yana bayanta. Sharaɗinsa ɗaya, ya faɗe shi yana kallona: kada ɗalibi ya sake neman abin nan ya tarar da ƙofa a kulle.

Da la'asar muka kamo hanyar gida, da dogon burodi da ƙullin albasa, don direba dai sai da ya saya. Ɗan Baba na zaune kusa da ni, ƙirji duk faci, fuska duk shatin yatsu. A shingen nan na farko muka tarar da mai kakin jiya. Ya leƙo, ya dubi ƙafafun, ya dubi fuskar, ya ja da baya.

"Ashe ya tashi?"

Na sauka na ba shi labari, na nemi gafararsa kan ta'aziyyar da muka karɓa. Ya yi dariya har da riƙe ciki, sannan ya ce in da hali wata rana a zo a koya musu, don su ne ake fara kira in an yi haɗari a hanyar.

Mun shigo Sakkwato ana kiran magariba. Tafiyar ba ta da nisa, amma ta nuna mini abin da na kasa gani daga ƙofar sito. Ko an taɓa robar nan ko ba a taɓa ba, da ma za ta tsufa. Ni na zaɓar mata ta tsufa ba ta koyar da kowa ba, ina kiran hakan riƙon amana. Waɗanda suka wuce ta hannuna suna leƙe ta taga, duk inda kuke, ku yafe mini, kuma ƙofa a buɗe take in kun zo gari.

Ɗan Baba yanzu yana kan tebur a ɗakin gwaji. Daga sito ina jiyo shi, ƙas-ƙas-ƙas, tun safe. Wani lokaci har yanzu "a hankali" takan taso mini har maƙogwaro. Sai in haɗiye ta, in duba aljihuna in tabbatar lambar wayar mai faci tana nan.