Sule Bidiyo, Wanda Na Yanke da Hannuna

Shekara goma sha huɗu ke nan da rasuwar Sulemana, wanda mutanen Tamale suka fi sani da Sule Bidiyo. Ya rasu ana saura kwana kaɗan a ɗauki azumi, bayan jinyar da ba ta cika mako guda ba. Duk shekara in lokacin ya zagayo nakan je maƙabarta, in biya gidansa a Kasalgu in gaida iyalinsa, in koma gida in yi shiru. Ban taɓa rubuta komai a kansa ba. Bana ne wani abu ya faru da ya sa na ga gara in faɗi laifin da na yi masa tun ina iya riƙe alƙalami.

Mu uku ne muke aikin ɗaukar bidiyon biki. Sule ke ɗaukar waje: ɗaurin aure, makaɗa, rakiyar amarya. Matarsa Azara tana da ƙaramar kyamara, ita ke shiga inda namiji ba ya shiga, wurin lalle da wankan amarya da jeren kwanuka. Ni kuwa na dawo gida ne bayan dogon yawo. Na zauna Kumasi, na zauna Kano, na yi aiki a Jidda, sannan na yi shekara huɗu a Abidjan ina tuƙa motar wani kamfanin da ke haɗa tallar talabijin. A can na riƙa tsayawa bayan masu tace hoto ina kallon yadda suke yanka suna haɗawa. Da wannan ɗan sanin na zauna a teburin tacewa a shagonmu, ɗaki ɗaya mai fanka ɗaya, kusa da wani mai ɗinkin fugu, rigar saƙin nan ta Dagomba.

Ranakun da babu biki muna yin talla. Mun yi wa mai sabulun man kaɗe, mun yi wa mai injin casar shinkafa, mun yi wa masu kayan gyaran babur har ban san adadinsu ba. Ni nake sa murya, in faɗa da Hausa, in maimaita da Dagbanci, in ƙara da Turanci ko Tiwi in mai kayan yana son baƙi 'yan kudu su ji. Sule yakan ce bakina kamar tashar mota, kowace ƙabila tana da layinta. Shi bai taɓa wuce Kumasi ba, kuma bai damu ba. Ya sa mini suna Alhaji Abijan, domin duk gardamar da za mu yi sai na ce, “A Abijan ba haka ake yi ba.”

Yana da wata ɗabi'a a wurin biki wadda da farko take ba ni haushi. Kafin ya ɗauki ango ko amarya, sai ya bi tsofaffi ɗaya bayan ɗaya. Ya tsaya a kan kowace tsohuwa da ke zaune a tabarma, ya ja ta da hira har ta yi dariya, ya bar kyamara a kan fuskarta. Na ce masa muna ɓata kaset. Ya ce, “Alhaji, amarya za ta kalli wannan sau biyu ta ajiye. Ran da za ta sake ɗauko shi, ba kanta za ta nema a ciki ba.” Na ga gaskiyarsa daga baya. Ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba, mutum zai zo shago bayan an yi sadakar arba'in ya ce a juya masa wurin da kakarsa take magana.

Ni ma ina da tawa ƙa'idar, kuma ita ce abin da nake son faɗa. A Abidjan na koyi cewa mai ɗaukar hoto ba ya fitowa a hoto. Ba a ganin inuwarsa, ba a jin muryarsa. To ɗakin amarya a nan garin cike yake da gilashi, ga madubin durowa, ga kabad ɗin kwanuka, ga tukwanen silba an jera suna ɗaukar ido. In Sule ya shiga ɗaukar jere bayan mata sun ba da wuri, sai ka hango shi a jikin gilashi da kyamara a kafaɗa. Nakan yanke. In wani dattijon Dagomba ya gaishe shi, Sule ba ya iya amsawa a tsaye. Sai ya durƙusa da kyamarar yana “Naa, naa,” hoto ya karkata ya nufi ƙasa. Nakan yanke. Muryarsa kuma, inda yake cewa “Hajiya, ɗan matso,” ko “Yara, ku buɗe hanya,” sai in ɗora kiɗa a kai. Da mun miƙa wa masu biki nasu, sai mu sake ɗauka a kan kaset ɗin asali, domin daga kudu ake kawo su kuma ba kullum ake samu ba.

Wata rana yana tsaye a bayana ina yanke shi daga jikin wani madubi, ya ce, “Alhaji Abijan, ni ma fa na je bikin nan. Ka bar ni ko gaisawa in yi da mutane.”

Na ce, “Aikin ƙwararru muke yi, ba na Iddi ba.”

Ya yi dariya ya ce, “To yanke, yanke. Ran da ka neme ni ka rasa, kai ka sani.” Wasa yake yi. Ni ma dariyar na yi.

Iddi ɗin nan wani mai bidiyo ne a Choggu. A lokacin al'ada ce dangin ango su ɗauko nasu mai bidiyo, dangin amarya su ɗauko nasu, kowa yana son kaset ɗin da danginsa suka fi yawa a ciki. Don haka sau da yawa Sule da Iddi sukan haɗu a biki ɗaya suna tare wa juna hanya. Iddi ba ya tace komai. Yadda ya ɗauka haka yake juyewa ya bayar, har da ƙafafunsa in ya manta bai kashe ba. Na taɓa faɗa a gaban jama'a cewa bidiyonsa kamar an ɗaura wa akuya kyamara an sake ta a kasuwa. Magana ta kai masa. Daga nan gaisuwa kawai ke haɗa mu, ita ma a taƙaice.

Bayan rasuwar Sule shagon bai yi shekara ba. Azara ta ajiye kyamararta ta koma sayar da atamfa. Ni na kwashe injinan na kai ɗakina, suna nan har yau a ƙarƙashin zane.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga bikin yanzu. Na tabbata ɗan jirgin nan da samari ke tashi da shi yana ɗauka daga sama zai burge shi, domin shi bishiyar mangwaro yake hawa, ko rufin kiyos, ko bayan tifa, don ya samu taro gaba ɗaya. Zai so sauƙin kyamarar yanzu, shi da kafaɗarsa ta dama ta sauka saboda nauyi. Amma da aka nuna mini bikin jikar wani abokina a waya, minti uku ne duka. Amarya tana juyawa a hankali, ango yana gyara hula, takalmi, zobe, mota. Kyakkyawan aiki ne, ya fi abin da na gani a Abidjan nesa ba kusa ba. Tsofaffi kuwa sun wuce kamar bishiyoyin bakin hanya in kana cikin mota. Na ga irin wannan a Kano, na gani a Kumasi, ba laifin yaranmu ba ne su kaɗai. Sai dai na san Sule zai tambaya ina kakar amarya.

Wata biyu da suka wuce Rahinatu ta zo gidana a kan babur ɗinta. Ita ce autar Sule. Tana da shekara goma sha ɗaya ya rasu, yanzu ma'aikaciyar jinya ce, kuma an sa ranar aurenta. Ta durƙusa ta gaishe ni ta ce, “Baba Alhaji, masu bidiyona sun ce za su kafa allo a wurin walima. Ina son a nuna Baba. Hotonsa na fasfo kawai nake da shi, da na katin zaɓe. Ina son in ga yana motsi. Na fara manta yadda yake tafiya.”

Na ce mata wannan ai abu ne mai sauƙi, mutumin da ya yi shekara ashirin a cikin bidiyo. Sai da ta tafi na zauna na tuna yankan da na riƙa yi masa.

Na bi gidajen da muka yi wa aiki ina aron kaset da faifai. Wasu sun yi fumfuna, wasu sun karce, wasu an zubar da su lokacin ƙaura. Waɗanda suka yi rai na kawo gida, na yaye zanen da ke kan injina. Mako uku, daga karin kumallo zuwa azahar, ina zaune ni kaɗai ina kallo. Na ga limaminmu na da. Na ga matata, Allah ya jiƙanta, tana raba waina a bikin maƙwabta. Na ga abokan da muka yi yawo tare, kowa ya ɗago yana yi wa kyamara murmushi, wato Sule suke yi wa. Rabin mutanen da ke ciki sun riga mu. Babu wanda zan juya in ce wa, ka tuna wane? Duk inda madubi ya fito sai in matso kusa da allo, sai in ga hoto ya tsallake daidai inda na san yana tsaye. Ko wuri ɗaya ban yi kuskure ba. Kaset ɗin Azara kuma duk na cikin ɗaki ne, inda shi ba ya shiga sai ta fito. A kaset ɗin talla kuwa muryata ce kawai ta cika ko'ina, ina yabon sabulu da harshe uku.

Na je na faɗa wa Azara gaskiya. Ta daɗe tana ninke wata atamfa, sannan ta ce, “Alhaji, ka je wurin Iddi.”

Na same shi a Choggu, ya tsufa, yana sayar da murfin waya da caja a ƙofar gidansa. Na yi sallama, na faɗi abin da ya kawo ni. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, “Alhaji Abijan da kansa? Wurin akuya ka zo neman hoto?”

Na ce, “Wurinta na zo, Malam Iddi. In za ka rama, rama, amma ka taimaki marainiya.”

Ya ce, “Ramuwa ai na gama, tunda ka hau keken yalo-yalo mai ƙafa uku ka zo har nan.” Ya kira a kawo mini ruwa, ya shiga ciki ya jawo akwatin ƙarfe biyu. Bai taɓa goge kaset ko ɗaya ba. Ya ce tsoro yake ji kada mai biki ya dawo ya ce nasa ya lalace.

A rana ta biyu muka same shi. Rakiyar amarya ce da la'asar, da damina, ƙasa jiƙe, makaɗan lunga, kalangun Dagomba, a gaba. Ga Sule cikin fugu mai ratsin baƙi da fari, kyamara a kafaɗa, yana tafiya da baya-baya a gaban taro ba tare da ya waiga ba. Ya ɗaga hannun hagu yana kora, muryarsa ta fito tar a kan kiɗan: “Iddi, fita mini daga hoto, don girman Allah!” Sai wata tsohuwa ta gaishe shi daga gefe. Ya durƙusa da kyamarar, ya cire idonsa daga jikinta, fuskarsa ta fito duka, yana “Naa, naa,” yana dariya. Ya miƙe ya ci gaba da baya-baya har wani ya tare. Duka bai fi minti ɗaya ba. Iddi ya miƙa hannu ya maido baya ba tare da na roƙa ba. Babu wanda ya dubi wani a cikinmu.

Da na kai kaset ɗin Kasalgu aka sa, Rahinatu ta ce, “Ashe Baba yana ɗan ɗingishi?” Na ce mata tun faɗuwar da ya yi daga kan mangwaro a wani biki, kafin a haife ta. Sai da aka maimaita sau uku Azara ta ce, “Wannan fugun ni na saya masa.” Ta tashi ta shiga ɗaki.

An nuna shi a walima makon jiya. Samari sun yi dariya da suka ji ana korar Iddi, kuma Iddi yana wurin, ya fi kowa dariya. Ni ina can baya a kujera. Na riga na kalle shi har na haddace.

In na auna abin da ya rage na Sule, sai in ga kashi biyu ne. Akwai minti ɗayan nan, wanda ya tsira domin mutumin da na raina bai iya abin da na iya ba. Akwai kuma fuskokin iyaye da kakanni a gidaje masu yawa na garin nan, suna dariya domin wani ya tsaya ya tambaye su lafiyar ƙafa da labarin gona. Wannan kashin ban iya yanke shi ba, domin dariyar tasu ce. Na yi shekaru ina ganin ni na koya wa Sule aiki. Yanzu da babu wanda zai yi mini gardama, na san wane ne ya koya wa wani.

Roƙona ga mutanen Tamale ɗaya ne. In kuna da tsohon kaset na biki a ƙasan akwati, wanda ba daga shagonmu ya fito ba, ku nemi mai injin ku kalla. In kun ga wani mutum cikin fugu yana tafiya da baya-baya a gaban amarya, yana ɗan jan ƙafar dama, kada ku tura gaba. Ku bar shi ya wuce a hankali, ku karanta masa Fatiha. Allah ya haskaka kabarinsa, ya yafe mana mu da muka rage.