Ranar da Wilfred Ya Tsaya a Rabin Tudu

Shekara ashirin da shida Wilfred Ackroyd yana ɗaukar sandar gari. Gyaran famfo ne sana'arsa, amma ranar Lahadin da magajin gari ke zuwa coci da kansilolinsa, sau ɗaya a shekara, Wilfred ne a gaba, da farar safar hannu, sandar azurfa a kafaɗa. Ko magajin gari bai isa ya wuce sandar nan ba. Haka aka gada.

Bana gwiwa ta ci amanarsa. An ma raɗa masa cewa in ya kasa hawa tudun coci, baɗi wani za a ba.

"Tsoho, ka sha maganinka?" in ji matarsa Maureen, tana kakkaɓe masa kwat.

"Har biyu. Yau ko da rarrafe sai na kai ta."

"Da rarrafe? A wandon da na goge?"

Kai, ranar gari ya cika ya batse! Ƙararrawa na tashi, 'yan badujala na busa, yara na ɗaga tutoci. Sabuwar magajiyar gari, Misis Sugden, ta sha jar alkyabba da sarƙar zinariya, ga ta da sauri kamar ta bar tukunya a wuta. Wilfred ya turo ƙirji yana takawa, daɗi kamar ya kashe shi.

Daidai shagon burodi, a rabin tudu, gwiwa ta ce ba ta san zancen ba. Ya tsaya cak. Magajiya ta tsaya, kansiloli suka tsaya, mai ganga ya yi sororo. Kunya ta lulluɓe shi, ya ji idon gari duka a ƙeyarsa.

Sai muryar magajiya ta tashi a bayansa, yadda kowa zai ji: "Mista Ackroyd, dakata mini don Allah! Takalmin nan zai hallaka ni."

Ta cire ɗaya, ta zazzage, ta leƙa ciki, ta sake zazzagewa. Ko tsakuwa babu.

"Ka huta?" ta tambaye shi ƙasa-ƙasa.

"Na huta, ranki ya daɗe."

"To mu je a hankali. Akwai sauran ƙafa ɗaya."

Sai da ɗaya takalmin ma ya dame ta kafin su kai ƙofar coci. Wilfred ya ɗora sandar a mazauninta da hannunsa, ya miƙe tare da jama'a don waƙar farko, amma hawaye suka hana shi buɗe baki.