Rani a Cikin Tukunya

Na yi shekaru ina koyar da labarin ƙasa a wata sakandare a Kano, kuma duk ilimina na furanni a lokacin bai wuce wannan ba: idan sufeto zai zo, sai shugaban makaranta ya sa a shafa wa tsofaffin tayoyi farar ƙasa, a dasa wani abu mai jan kai a ciki. Sufeto na juya baya, awaki su zo su yi nasu duban. A gidanmu kuwa, duk abin da ya tsiro sai ya faɗi sana'arsa. Zogale na kwaɗo ne, lalle na ƙafar mata, darbejiya ta inuwa ce da zazzaɓi. Wanda ya rasa amsa, fartanya ce ke sallamarsa.

Da na ajiye alli, ƙanena mai saro tufafi ya ce in zo Guangzhou in zama idonsa, in riƙa zagaya kasuwar Canaan ina duba ɗinki da launi kafin a ɗaure kaya a kai tashar jirgin ruwa ta Huangpu. Aikin bai bambanta da duba littattafan ɗalibai ba, sai dai a nan mai kuskuren yakan ba ka shayi. Na sami masauki a hawa na shida, a wani lungu bayan titin Huanshi Lu, muka raba gidan da wani Alhaji mutumin Maraɗi mai sayen fitilun sola. Tun ranar da ya ji tsohuwar sana'ata bai ƙara kirana da komai ba sai Mushe, yadda suke kiran malaman boko a ƙasarsu.

Mai gidan tsohuwa ce, ƙofarta na kallon tamu. Ayi muke ce mata, wato gwaggo, kamar yadda ake kiran duk mace mai shekarunta. Ba ta jin Hausa, ba ta jin Turanci, ni kuma Sinancina kalma uku ne: sannu, na gode, da meyo, wato babu. Sauran zancen waya ce ke yi mana tafinta, ita ma sai ta ga dama.

Na iso daidai bikin sabuwar shekararsu. Kowace ƙofa, ta shago ko ta gida, akwai tukunya da 'yar bishiyar lemo wadda tsayinta bai wuce ƙugu ba, ta cika maƙil da 'ya'ya nunannu, ƙanana kamar kanya. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne ba mai tsinka, har yara. Alhaji ya ce shekarar da ya fara zuwa ya gwada ɗaya, haƙoransa suka yi kwana biyu ba su yafe masa ba. Na kallo ne, in ji shi, launin zinariya ne, fatan arziki suke yi da shi. Biki na wucewa kuwa sai na ga tukwanen jibge a bakin bola, kamar tayoyin makarantarmu bayan sufeto.

Ayi kaɗai ce a benenmu ba ta yar da tata ba. Gindin tata ya yi kaurin sandar makiyayi. Na tambaya, sai ta shiga ciki ta fito da hoto: wani dattijo siriri rungume da tukunyar a kasuwar furanni, yana dariyar wanda kaya ya fi ƙarfinsa. Mijinta ne. Bikin da ya biyo baya bai same shi ba. Tun daga lokacin, kowace sabuwar shekara bishiyar nan ce ke tsayawa a ƙofarta da nunannun 'ya'ya, ba ta taɓa fashi ba.

Watannin da ke biye da bikin su ne spring ɗin littattafai da muke fassara wa ɗalibai da bazara, kuma yanzu ina neman afuwar duk wanda na ba maki a kan haka. Bazarar Kano ita ce lokacin da randa ke yin zafi. A nan kuwa bango ne ke gumi, madubi ya yi hazo, wanki ya kwana uku bai bushe ba, takalmin da ka manta a lungu ya fito da furfura. A cikin wannan danshi na zauna ina kallon Ayi tana aiki a bakin ƙofa. Ta tsinke 'ya'yan kaf, ta zuba a kwalba da gishiri, maganin maƙogwaro. Ta ɗauki almakashi ta yi wa bishiyar askin da wanzamin unguwarmu ke yi wa yara ranar jajibere. Ta zare ta daga tukunya, ta rage saiwa, ta jera fasassun kasko a ƙasa don ruwa ya sami hanya, ta zuba sabuwar ƙasa. Bayan sati biyu ta buɗe wani bokiti da ya kusa korar mu daga benen. Na leƙa, na ga tunkuza ce, tunkuzar gyaɗa da aka jiƙa har ta ruɓe. Na yi tafiyar rabin duniya don in ga abin da muke soya ƙuliƙuli da shi ana ba bishiya.

Na sayi ɗan littafi na fara rubutawa, don malami ko ya bar aji, hannunsa ba ya barin biro. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, da bishiyar ta yi sabon toho ta fito da 'yan furanni, sai Ayi ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana mutsukewa da farce. Waya ta ce: lokaci bai yi ba. Furen yanzu zai nuna tun kafin biki, ya zube.

A watan Agusta 'yarta ta haihu a wani gari, za ta je ta yi wata guda da 'yan kwanaki. Ta sa muka kinkimo tukunyar, ni da ita, zuwa barandarmu, saboda tamu na da rufi, rana na shiga amma ruwan sama ba ya kaiwa. Sannan ta ba ni umarni, ta maimaita sau uku a waya, ta ƙara da hannu. Kada in ba ta ruwa. Meyo. Sai ganyen ya nannaɗe ya sunkuya, sannan in ba ta kaɗan, washegari in ƙosar da ita. In ba ta ji ƙishirwa ba ganye kawai za ta yi. In kuma aka makara, biki zai same ta da ɗanyun 'ya'ya. Na fahimta sarai, na rubuta, har na ja layi a ƙasa.

Alhaji ba ya nan ranar, ya tafi wata masana'anta a bayan gari. Da ya dawo ya ga tukunya, ya tambaya, na ce masa amanar Ayi ce. Iyakar abin da na faɗa ke nan, kuma duk wanda ya taɓa koyarwa ya san rabin bayani ya fi rashin bayani ɓarna.

Kwana uku, ganye kore shar. Kwana biyar, har sheƙi yake. Ranar bakwai na ga sabon toho, alhali zafin garin ya isa ya dafa ƙwai a aljihu. Na tura yatsa cikin ƙasar, na ji ta da laima. Na zargi feshin ruwan sama, na rataya tabarmar roba. Na zargi na'urar sanyaya ɗaki ta hawa na bakwai, na tsaya rabin sa'a ina kallon inda take ɗiga, ashe can gefe take zubar da hawayenta. Daga nan na koma ga ilimi. Na cika shafi biyu a kan yadda ƙasar tukunya ke iya shan ruwa daga iskar garuruwan bakin teku, kuma gaskiya bayanin ya yi kyau, da a jarrabawa ne da na ba kaina tara bisa goma. Kwanaki dai na tafiya, wanda ya wuce kuma ba ya dawowa, kuma kowanne daga cikin kwanakin bikin Ayi ake cire shi.

Rana ta goma sha biyu mai shagon da na je wurinsa a Canaan ya ce mini meyo, kaya ba su iso ba, sai na dawo gida da wuri, daidai la'asar. Na tarar da Alhaji a baranda, zaune a kan 'yar kujera, buta a hannu, ƙafarsa ta dama a kan bakin tukunya, yana tsettsefe yatsu a tsanake. Na jira ya idar.

"Alhaji, tun yaushe?"

"Tun da ka ce amana ce," in ji shi. "In ina gida sau biyar, in na hita sau ukku. Baƙina ma nan nike turo su."

"Baƙi nawa?"

"Ranar Juma'a mu bakwai ne. Ka ga yadda ya yi kyau ko? Kai kana ta rubutu, ka bar icce da ƙishirwa."

"Ai cewa ta yi kada a ba shi ruwa."

Ya ajiye butar ya dube ni. "Mushe, kai da ka sha littattahai, a wane shahi aka ce a bar ruwan alwala ya tahi kwata, ga abu mai rai a tsaye?"

Gwabar gidanmu ba ta taɓa sanin wani ruwa ba sai na alwalar mahaifina. Ni kaina, ba don layin da na ja a littafi ba, da a wurin zan riƙa tsugunawa. Na zauna na karanta masa umarnin daga farko, har da zancen hoton da mijin. Ya murza gemu.

"To ai rani take yi mashi," ya ce. "Mangwaro yaushe yake hure a wurinku, da damina? Sai ruwa ya ɗauke. Su nan Allah bai ba su rani ba, sai sun yi shi da hannu."

Na koyar da damina da rani ga yaran da yanzu wasunsu sun yi furfura, amma sai da mai fitilun sola ya faɗa sannan na ga abin da na yi wata shida ina kallo.

Buta ta koma banɗaki. Ranar huɗu ganyen ya fara naɗewa da tsakar rana, ranar biyar bishiyar ta zama abar tausayi, kamar ɗalibin da aka sa kneel a rana. Ni da aka ba umarnin, ni na fara karaya. Na ɗebo ruwa a kofi, Alhaji ya tare ƙofar baranda.

"Maida shi, Mushe. Ni ɗan manomi ne. Hatsi in ya naɗe da rana ya buɗe da sahe, ƙorahi kawai yake. Ranar da ka tashi ka iske shi a naɗe, rannan da gaske yake."

"In ya mutu fa?"

"In ya mutu ka ce mata ɗan Nijar ne ya kashe shi. Ku dama komai mu kuke ɗora wa."

Safiyar kwana na bakwai muka same shi a naɗe, 'yan ganye biyar a ƙasa. Alhaji ya yi bisimilla ya zuba kofi guda. Washegari muka ƙosar da shi. Bayan kwana goma sai ga wasu fararen ɗigo kamar tsakin shinkafa a hammatar kowane ganye, kafin sati ya zagayo ƙanshi ya cika gidan.

Ayi ta dawo ta tarar da furen bai gama buɗewa ba. Ta dube shi, ta ƙirga wani abu a gaɓoɓin yatsunta, na san ta gano. Na yi ikirari a waya, wayar ta kasa da kalmar alwala, sai Alhaji ya ɗauko buta ya nuna mata tun daga wanke hannu har zuwa ƙafa. Ta kalla har ƙarshe, ta kama gefe ɗaya na tukunyar, na kama ɗaya.

Biki ya zo, 'ya'yan sun fito da yawa, amma rabinsu kore ne, sauran kuma sun fara gaisawa da launin ne kawai. Na maƙwabta, waɗanda aka sayo jiya, sai walƙiya suke. Na zaci za ta ɓoye tata a ciki. Da safe na buɗe ƙofa na gan ta a inda take tsayawa kowace shekara, an rataya mata 'yan jajayen ambulan. Ayi na tsaye tana gyara wani reshe. Na ba ta haƙuri karo na biyu. Ta yi magana a wayar ta miƙo mini: mai ita ma, marigayin, bai taɓa zuwa ko'ina a kan lokaci ba.

Da yamma ta ƙwanƙwasa mana, ɗauke da wata tukunya mai shuka mai faffaɗan ganye kamar gwaza. Ta wuce kai tsaye ta dire ta a baranda, ta nuna buta, ta nuna shukar, ta ɗaga yatsu biyar. Yanzu ganyenta ya kai faifai, kuma har yau ban san me ake yi da ita ba, na ma daina tambaya.

Da Agusta ta zagayo, Ayi ta sake kawo lemon barandarmu. Ina tsaye da littafina da birona, ta wuce ni ta yi wa Alhaji bayani.