Layi Ba Shi Da Faɗi

Ko da zan manta da komai na ƙuruciyata, ranar da safiyo ya zo auna gonarmu ta hanyar Dagumawa ba za ta fita daga raina ba. Har yau in na hangi mutum ɗauke da na'urar nan mai ƙafa uku, sai in ji gabana ya faɗi.

A lokacin sojoji ba su daɗe da miƙa mulki ga farar hula ba. Ni kuma na yi aure, ina noma tare da mahaifina, da rani in shiga kogi ɗiban yashi. Ko'ina a Wudil zance ɗaya ake yi: za a kawo jami'a, fili zai yi daraja, kuma duk gonar da ba ta da takarda wata rana mai ita zai wayi gari ya tarar an yanka ta fuloti-fuloti. Gaskiya ne ko ƙarya, tsoro dai ya shiga mutane.

Gonar Baba da ta Baffa, ƙaninsa uwa ɗaya uba ɗaya, a manne suke. Asali gona ɗaya ce. Kakanmu ne ya raba musu ita da igiya tun yana da rai, ya bar wani ɗan tsiri a tsakani mai faɗin tabarma, ya dasa gamba tun daga bakin hanya har ƙarshen gonar, don kada garmar wani ta shiga ta wani. Tsirin nan ba na kowa ba ne, kuma na kowa ne. Bana Baba ya yanki gamban ya yi zana, baɗi Baffa ya yanka ya gyara jinka. A cikinsa akwai wata ƙatuwar ɗorawa. A gindinta suke haɗuwa su sha fura idan rana ta take, in ta yi 'ya'ya kuma matan gidajen biyu su raba kalwa, kowacce ta dafa daddawarta. Tun da na yi wayo ban taɓa jin an ce ɗorawar wane ba. Ɗorawar gona kawai ake cewa.

Baffa ne ya zo da shawarar a kira safiyo, kuma wallahi ba da wata manufa ya zo ba. Ya ce, “Yaya, mu yi takarda tun muna raye, kada yaran nan su sha wahala bayanmu.” Baba ya ce, “Ka yi tunani, Auta. Allah ya yi maka albarka.” Haka yake kiransa, Auta, alhali shi ma gemunsa ya yi furfura.

Da rani safiyon ya zo, bayan an kwashe amfanin gona. Mutum ne mai ladabi, ya durƙusa ya gaida dattawan, ya tambayi iyali da gajiya. Mai unguwa ya zo shaida. Aka bi gefen hanya, aka bi gabas da yamma, ana jan tef ana kafa turaku, ana ta raha. Da aka zo kan gamban sai ya tsaya ya ce, “To Baba, ta ina layi zai bi?”

Baba ya yi dariya ya nuna da sandarsa. “Ga iyaka nan kana kallo, ɗana.”

“Baba, wannan ai fili ne. A takarda layi ba shi da faɗi. Ko ya bi ta gefenka, ko ta gefen ƙaninka, ko ya tsaga tsakiya. Dole kowane taku ya zama na wani.”

Na ce masa, “Haba malam, ka rubuta na su biyun mana, mene ne a ciki?” Ya ce takarda biyu aka ce ya yi, gona biyu, kuma ba a barin rata a tsakanin gona da gona sai in hanya ce ta hukuma. Ban ga laifinsa ba, aikinsa aka koya masa haka.

Mai unguwa ya ce a tsaga tsakiya, kowa ya amince. Aka ja igiya daga wannan kai zuwa wancan, ta miƙe sambal. Sai ga shi gamba ba ya tafiya sambal. Ya ɗan karkace nan, ya kumbura can, kuma gindin ɗorawar gaba ɗaya ya faɗa ɓangaren Baffa.

Baba ya ce, cikin wasa, “A'a, ku lanƙwasa igiyar nan. Ni na yi wa ɗorawar nan shingen ƙaya tana ƙarama, lokacin Auta ko wando bai iya ɗaurawa ba.”

Baffa ma da dariya ya amsa. “Yaya, ai igiya ba ta san babba ba.”

Aka yi dariya, amma ni na ga fuskar Baba ta canja. Ya sake cewa a lanƙwasa, wannan karon ba wasa. Safiyo ya ce zai iya, in dai Baffa ya yarda. Duk muka juya muna kallon Baffa. Da ya ce to, da shi ke nan, da yanzu ba ni da labarin da zan ba ku. Amma ido ya yi masa yawa, ga 'ya'yansa a tsaye, sai ya ce, “Yaya, kullum ni ne mai haƙuri? Kai ba ka ga yadda gamban ya karkato gefena ba? Shekara da shekaru garmarka tana cin tsirin nan ta ɓangarenka, ban taɓa buɗe baki ba.”

Innalillahi. Baba ya dube shi ya ce, “Ashe ƙirgawa kake yi, Auta?” Ya saɓa sandarsa ya kama hanyar gida, na bi shi a baya raina yana tafasa. A ranar aka kafa duwatsun siminti a kan igiyar, yadda ta miƙe.

Ba su yi faɗa ba, kuma wannan ne ya fi ci mini rai. Da sun yi zage-zage da an shiga tsakani an sasanta. Suna gaisawa a masallaci, sannu sannu, kamar baƙi biyu a tasha. Da bazara ɗorawa ta nuna, Baffa ya aiko da kwando cike, rabonmu kamar kullum. Baba ya dubi kwandon ya ce wa ɗan aiken, “Ka ce na gode. A da, rabona nake ci. Ban kai ga karɓar sadaka ba tukuna.” Inna, mahaifiyata, ta yi magiya har da hawaye, ya ce a mayar. A shekarar daddawar kasuwa muka ci, kuma duk wanda ya sa loma ya san dalili.

Da damina ta sauka, kowa ya nome har jikin siminti. Gamban da kakanmu ya dasa aka tumɓuke shi, rabi mu, rabi su. Baba ya koma shan furarsa a bakin hanya cikin rana, yana juya wa ɗorawar baya. Na sha ce masa, “Baba, don Allah ka bari in je in same shi.” Sai ya ce, “Ka je ka ce masa me? A takarda an gama magana.”

Kafin a yanke gero zazzaɓi ya kwantar da shi. Baffa ya ji, ya ce zai shigo in an sauko daga Juma'a. Baba bai kai Juma'ar ba. Baffa ne ya yi masa wanka, shi ya shiga kabari ya karɓe shi, kuma ban ga ya yi kuka ba. Na riƙe shi a zuciya saboda haka, na ce a raina tsohon nan dutse ne.

Da wata daminar ta zagayo, na je gona da sassafe na tarar da Baffa a durƙushe yana dasa tushen gamba. A cikin gonarsa yake dasawa, daga jikin simintin zuwa faɗin tabarma, tun daga bakin hanya. Ya bi ya zagaye ɗorawar, ya sa ta a ciki. Na gaishe shi a daƙile, ya amsa, na wuce. Duk daminar shi kaɗai yake zama a gindin bishiyar, da ƙwaryar fura da ludayi biyu.

Da kaka gamban ya yi tsawo, sai ga shi a ƙofar gidanmu da lauje a hannu. Ya miƙo mini ya ce, “Je ka yanke. Ni na yanka na ƙarshe. Bana na Yaya ne.” Muryarsa ta karye a kan kalmar Yaya, ya dafa bango yana kuka kamar yaro. Ni ma na kasa riƙe kaina. Na je na yanka, na yi zana, na kewaye ɗakin Inna da ita.

Duwatsun simintin suna nan har gobe, takardun ma suna nan, kuma ban ce ba su da amfani ba. Amma na koyi cewa akwai abin da yake zaune lafiya a tsakanin 'yan'uwa don kawai ba a taɓa tambayar na wane ne ba. Shi ya sa duk wanda ya ce mini zai kira safiyo gonar gado, nakan ce masa ya fara zaunar da ɗan'uwansa su biyu a ɗaki, su gama maganar bishiya da tsiri da komai, kafin baƙo ya yi musu tambayar a gaban jama'a. Baba da Baffa ba su samu wannan zaman ba, kuma gamban da Baffa ya dasa bai tarar da Baba a raye ba.